Maigadin da Ya Koyi Juya wa Manya Baya

Prudencio Tampus ya shekara ashirin da wani abu yana rataye da bindiga a ƙugu, bai taɓa harbin ko ƙadangare ba. Mu dai Densyo muke ce masa. Ni ce na riƙe shi a coci ranar da aka yi masa baftisma, ya tsula mini fitsari a rigar da na aro, saboda haka ina da ikon in faɗi duk abin da na ga dama a kansa.

Gadi yake yi a wani kantin fenti da ƙusoshi a garin Mandaue. In kun taɓa shiga sayen kwado ko igiya, to kun san shi: dogo, siriri daga sama, da ɗan tumbi daga ƙasa, farar rigarsa ta sha guga kamar za ta yanki mutum. Aikinsa buɗe ƙofa, da riƙe wa mata lema har bakin mota, da tsayar da ababen hawa tsofaffi su tsallaka titi. Bindigar ta kamfani ce, tsohuwar libarba wadda ina jin ta girme shi. Sau ɗaya a shekara ake kwasarsu a kai su su harbi takarda don a sabunta musu izini, sannan a dawo da su bakin ƙofa su ci gaba da gaisuwa.

Ladabin nan nasa ba a kamfani ya koya ba. Uwarsa ƙawata ce, Allah ya ji ƙanta, kifi take sayarwa a garin Liloan, kuma doka ɗaya gare ta a gida: in babba ya kira ka, ka juyo gaba ɗayanka, ƙafa da ƙirji da fuska. Wanda ya amsa da ƙeya, silifa ce za ta same shi. Matar nan tana iya jifan yaro daga bakin rijiya ta same shi a ƙofar gida, kuma ban taɓa ganin ta kuskure ba. In ana maganar gadon saiti, daga wajenta ya samo. Duk 'ya'yanta sun sha silifar, amma Densyo ne kaɗai abin ya shige masa jini. Da ya girma ya yi aiki a masana'antar kujerun kara har aka rufe ta, ya ɗan taɓa dako a tashar jiragen ruwa, sannan ya sa rigar gadi. A can kuma aka biya shi albashi don ya riƙa yin abin da uwarsa ta koya masa kyauta.

Ni kuwa tun gashina bai yi fari ba nake da rumfar abinci a filin harbin ƙungiyarmu, cikin tsohon ramin fasa dutse. Ina ce ƙungiyarmu ko da yake ban taɓa harba komai ba sai magana. Kowace Lahadi likitoci da 'yan kasuwa da 'yan sanda da direbobi suke taruwa, su toshe kunnuwa, su riƙa gudu tsakanin katakai suna harbin kwali da farantan ƙarfe, wani yana bin su a baya da agogo. Idan sun gaji su zo su ci gasasshen kifina da ƙullin shinkafa, kowa yana ba ni labarin yadda iska ta cuce shi. Harsashin da zai ratsa ƙofar mota, wai iskar Lahadi ce ta kautar da shi.

Mai riƙe agogon nan, alƙalin fili, shi ne Koro, wanda muke ce wa Manong Koro saboda girmansa, tsohon injiniyan jirgin ruwa, mutum mai magana a hankali kamar kalmomin saye yake yi. A kantin su Densyo yake sayen salatif ɗin da ake liƙe ramukan kwali. Kullum ya je sai maigadi ya riƙe masa kaya har mota yana tambaya: nisan nawa ake tsayawa, me ya sa ake gudu, in harsashi ya maƙale ya ake yi. Da tambayoyin suka ishi Manong Koro, sai ya ce masa bakin mota ba makaranta ba ce, ya zo ranar Lahadi ya gani da idonsa.

Ya zo kuwa. Kafin ya kalli ko kwali ɗaya sai da ya zo rumfata, ya kama hannuna ya kai goshinsa, yadda ake gaida manya a wajenmu.

Na kira shi yadda muke kiran yara maza, na ce, “Dong, kwalayen ma sun fara ɗaukar maigadi ne?”

Ya ce, “Kallo na zo, Nang Sebya.” Sebya sunana ne, Nang kuwa girmamawa ce ga mace babba.

Na ce masa duk waɗannan masu tumbin da yake gani da kallo suka fara, yanzu matansu ba su san kalar Lahadi ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin labari. Takardun izini, layi a ofis, gwajin lafiya, wani layin. Ya sayar da babur ɗinsa ya sayi bindiga ta hannu wajen wani ɗan ƙungiya da gwiwa ta hana shi gudu. Ya zauna darasin kiyaye rai tare da samarin da ya isa ya haifa, shi kaɗai ne ba ya danna waya. A gida kuma ya riƙa tsayawa gaban kabad da bindiga ba harsashi, ya zare, ya mayar kube, ya zare, ya mayar, har matarsa Nilang ta haddace ƙarar. Da na tambaye ta ko abin bai dame ta ba, sai ta ce wasu mazan in sun doshi hamsin budurwa suke yi, wasu zakaran faɗa suke kiwo su fi shafa shi a kan matansu, nata kwali yake so, ta gode wa Allah.

Wasan nan yana yafe abubuwa da yawa. Ka yi nawa, ka kuskure, ka manta da kwali guda a bayan katako, maki kawai za a rage maka a yi maka dariya. Abin da ba a yafewa shi ne bakin bindiga. Dole ya kalli tudun ƙasar da ke gaba, daga farko har ƙarshe. Ya wuce layin kafaɗunka ya leƙo wajen mutane ko da ƙiftawar ido ne, an tsayar da kai, ka fita daga gasar ranar, ko kai ne shugaban ƙungiya. Densyo ya san wannan kamar sunansa. In ka tashe shi daga barci zai karanta maka.

Ranar gasarsa ta farko na bar kifi a wuta na je na tsaya a bayan igiya. Agogo ya yi ƙara, ya zare, ya fara. Ba sauri, kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa, amma inda ya nufa nan yake samu. Yatsansa yana fita daga kunama duk lokacin da zai ɗaga ƙafa. Na fara zungurar na kusa da ni ina cewa ɗana ne. Ya harbi kwali na ƙarshe ya tsaya. Manong Koro, daga bayan kafaɗarsa, ya faɗi abin da ake faɗa wa kowa: idan ka gama, cire harsashi ka nuna mini.

Babba ya yi magana a bayansa. Sai ɗan ƙawata ya juyo gaba ɗayansa, ƙafa da ƙirji da fuska, da bindiga, har da ɗan rusunawa.

Ya ce, “Na gama, Manong.”

Ban san masu tumbi suna da zafin nama haka ba. Wani likitan haƙori ya tsallake benci ya shige ƙarƙashin teburina ya kifar mini da tukunyar romo. Manong Koro bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Dakata,” ya dafa hannun Densyo ya mayar da shi wajen tudu, ya sa shi ya cire harsasai, ya mayar kube. Sannan ya gaya masa abin da kowa ya riga ya sani.

Al'adar filinmu, wanda aka fitar ba ya tafiya gida. Ana ba shi salatif ya yini yana liƙe ramukan da wasu suka huda, yana tayar da farantan da suka kayar. Wasu suna yi suna ƙunƙuni. Densyo ya yi har rana ta karkata, yana ba kowa haƙuri ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suke bayan gida lokacin da abin ya faru. Na zuba masa abinci, ya ƙi ci. Da aka tashi Manong Koro ya zaunar da shi a rumfata ya tuna masa dokar ƙungiya: sabon shiga da aka fitar sau biyu kafin ya kammala gasa ɗaya, sai ya jira shekara kafin a sake duba sunansa. Saura masa dama ɗaya ke nan. Densyo ya sunkuyar da kai. Ni na san abin da ke ransa. Idonsa ya fara neman tabarau, kuma da ƙyar ya roƙi abokin aikinsa suka yi musayar Lahadi. In aka ce shekara, ba zai dawo ba. Zai koma bakin ƙofa da lema, ga babur ya tafi.

Na ce ya same ni a gida ranar hutunsa.

Na tsayar da shi a tsakar gida yana kallon katanga, na damƙa masa ludayi a matsayin bindiga, na ja kujera na zauna a bayansa. Na ce ko coci ce ta kama da wuta kada ya juyo. Na bari ya natsu, sannan na ce, “Dong.”

Ya juyo, ludayi yana kallon cikina.

Na ce masa na mutu, ya je ya gaya wa fadan cocinmu ya shirya addu'a. Muka sake. Na kira shi da sunan baftisma, ya juyo. Na yi tari irin na tsohuwar da ƙaya ta shaƙe, ya juyo da gudu. Ya kashe ni a tsakar gidan nan ya fi a ƙirga. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga, wata har da kawo kujerarta.

Ya ce, “Nang, ba ni nake juyawa ba. Wuyan ne da kansa.”

Na ce to wuyan za mu hora. Muka yi makonni a haka. Na zage shi, na zagi tumbinsa, na ce gugar rigarsa ta fi shi amfani. Da ya fara jurewa sai na fito da babban makami, na kwaikwayi muryar uwarsa, yadda take jan sunansa in ta riga ta cire silifa. Bai juyo ba, amma da muka gama idonsa ya yi ja. Ya zauna a ƙasa ya ce abin yana yi masa kamar rashin tarbiyya, kamar kullum yana tsallake kabarinta ne.

Ba na son maganar hankali, tana sa ni ƙaiƙayi, amma ranar na yi guda.

Na ce, “Uwarka ta ce ka juyo ne don ka nuna wa babba ka san darajarsa. Mu da ke bayanka a filin nan, ranmu muka ba ka riƙo. Ka ba mu ƙeya, shi ne ka san darajarmu. Da tana nan ta ga ka nuna wa Koro bindiga, silifa biyu za ta cire.”

Ya yi dariya yana share hanci. Daga baya Nilang ta kawo ƙara, wai na lalata mata miji, yanzu in ta yi masa magana yana wanke kwano sai ya amsa yana kallon famfo.

Ranar gasa ta biyu Nilang ta biyo shi, karonta na farko a filin. Shi kuwa, don yana ganin rana ce mai muhimmanci, sai ya sanyo wandon da ya fi girmamawa, shuɗin wandon gadi na zuwa taro, wanda aka ɗinka masa tun ba shi da tumbi. Na kalle shi na ce wandon nan numfashi yake nema. Ya ce ai ya sha guga.

Zangon harbi na farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka. Manong Koro ya yi magana, Densyo ya amsa yana kallon tudu, ni kuma na saki numfashi. Zango na uku ne ke da ƙaramar taga a ƙasan bangon katako, wadda sai ka tsuguna kamar mai wanki sannan ka hango kwalayen. Rukunin mata maharba ne ke jiran layinsu a bayan igiya, da matar likitan haƙorin nan, da Nilang da lemarta, da ni.

Agogo ya yi ƙara. Ya harbi na dama, ya ruga, ya isa taga, ya tsuguna.

Duk da abin toshe kunne, kowa ya ji. Wandon ya rabe tun daga bel har ƙasa, kamar an fasa kwakwa. Ga gajeren wando ruwan ɗorawa mai zanen abarba, tsarabar 'yarsu da ke aiki a Dubai, yana gaishe da jama'a. Wata ta toshe baki, wata ba ta samu damar toshewa ba, dariya ta ɓarke.

Ku da ba ku san shi ba za ku ce abin dariya ne kawai. Mutumin nan ko maɓallin wuyan rigarsa ba ya buɗewa a gaban mata. Duk abin da ke jikinsa yana ce masa ya miƙe, ya juya bayansa wajen bango, ya fuskanci mutane ya ba da haƙuri. Kuma akwai harsashi a bindigar. Na ga kunnuwansa sun yi ja. Na ga hannun hagunsa ya saki bindiga ya nufi baya. Na ga kafaɗarsa ta dama ta fara motsi, Manong Koro kuma ya matso rabin taku, bakinsa a buɗe, kalmar tana kan harshensa.

Na damƙe igiyar da ke gabana da hannu biyu.

Kafaɗar ta tsaya. Hannun ya dawo a hankali, ta bayan bindiga, ya kama inda ya saki. Ya harbi kwalayen taga a tsugune, abarba tana kallonmu. Ya miƙe, ya fitar da yatsa daga kunama, ya ruga zuwa ɗaya ɓangaren, ɓarin wando biyu suna kaɗawa kamar tutar biki. Ya sauya gidan harsashi. Farantin ƙarshe ya ƙi faɗuwa, ya kuskure, ya sake kuskurewa, ya tsaya ya ja numfashi, ya kwantar da shi.

Wajen nan dariyar ta riga ta mutu. Manong Koro ya faɗi kalmominsa na a cire harsashi a nuna masa.

Densyo ya ce wa tudun ƙasa, “To, Manong.”

Ya cire gidan harsashi, ya ja, wanda ke ciki ya faɗo, ya tsaya ya ba alƙali dama ya leƙa ta kan kafaɗarsa. Ya mayar kube. Sai da Manong Koro ya ce fili ya zama lafiya, sannan ya juyo, ya ja da baya ya manna bayansa da katako, hannu biyu a baya kamar ɗan makarantar da aka kama.

Matan nan ne suka fara tafi. Likitan haƙori ya yi ta fito da yatsu a baki. Na kwance zanen girkina mai tabon mai da warin kifi, na je na ɗaura masa a ƙugu ta ƙarƙashin bel, don kada ya rufe kuben a ce ya karya wata dokar.

Ya ce a hankali, “Nang, in tafi gida?”

Na ce, “Ka tafi, in bi ka da ludayi. Abin da za a gani an riga an gani. Saura zango nawa?”

Da zanen ya harbi sauran. Ya yi gudu da shi, ya durƙusa da shi, kuliyoyin fili suna bin sa saboda warin kifi. Kowane zango in an kira sunansa sai wani ya ce a ba abarba hanya, shi kuma ya rusuna wa mai tsokanar, in dai bindiga tana kube. Har yau in kun je filin kuka tambayi Prudencio Tampus, sai an yi tunani. Ku ce Abarba, a nuna muku shi, yana can bayan wani sabon shiga yana gyara masa tsayuwa. Sauri dai har yanzu bai koya ba, kuma na cire rai.

Da yamma aka jera kujeru gaban rumfata don karanta sakamako. A wajenmu daga ƙasa ake farawa, saboda haka ba mu jira da yawa ba. Mutum biyu kaɗai ya fi, ɗaya ma bindigarsa ce ta lalace. Amma sunansa yana cikin waɗanda suka kammala, kuma shugaban ƙungiya ya ƙara da cewa daga yau Tampus ɗan gida ne. Lokacin shi yana can yana ɗauko wa wani tsoho kujera, sai da aka maimaita. Ya ajiye kujerar, ya tako gaba da zanena, ya bi manya yana ba su hannu. Da ya zo kan Manong Koro sai tsohon ya bubbuga masa kafaɗa ya ce ya je ya ci abinci kafin Sebya ta ƙara kuɗi.

Nilang tana zaune kusa da ni, tun safe sai murza hannun lema take yi. Wata baƙuwa da ta zo ɗaukar mijinta ta zauna gefenta, ta tambaye ta ko ita ma tana da wani a cikinsu.

Nilang ta ce, “Mijina.”

Matar ta ce, “Wanne?”

Ta gyara zama, ta ɗaga haɓa ta nuna shi da leɓe.

Ta ce, “Mai zanen.”